Teburin Afo na Ƙarshe a Dengfeng

Siyama,

“Mama, ko da rarrafe ne zan dawo in yanka wa Afo fitilarta. Bana ni ce hannunta.” Ke kika faɗi haka da bakinki a tashar jirgin ƙasa, ranar da na raka ki za ki tafi Yiwu kama aikin tafinta, hannunki ɗaya a kan akwati, ɗaya a kafaɗata. Ban roƙe ki ba, ban ma tuna miki ba. Ke kika ɗauko maganar.

Assalamu alaikum, 'yata. Ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, cikin tsarin Allah, a ɗakin da kika kama da wurin aikin da kika shiga. Allah ya kare min ke daga sharrin hanya da na mutane. Na gaishe ki domin gaisuwa haƙƙinki ce, amma kada ki ɗauka na huce.

Kwalinki ya iso. Na buɗe na tarar da fitilar roba mai batir wadda take waƙa in an danna ta, da kabewar roba, da jan ganyen roba. Ni za ki aiko wa roba, Siyama? Ni da na tsufa ina cika kwantena da furen roba zuwa Kano? Ina juya gindin fitilar na gane layin da ake sayar da irinta a kasuwar Liwan. Sai kuma ga saƙon muryarki: “Mama, ki kai wa Afo, ki ce lawban ne ya hana ni hutu.” Wane mai gida ne zai hana ki hutu a ranar da ƙasar Sin gaba ɗaya ta rufe shaguna? Hajiya Mariyama ta Maraɗi ta riga ta gaya min, domin 'yarta tana cikin waɗanda za ku tafi yawon bakin tafki da su. Ba ki iya ƙarya ba, shi ne kike so in ara miki bakina.

Na rubuto da hannu ne da gangan. Na san yadda kike yi wa saƙon muryata, ki danna shi ya yi gudu har in koma kamar tsuntsu. Takarda ba ta gudu. Na kira babanki a Kano, ya ce, “Hajiya, ki bi ta a hankali, yarinya ce.” Na ce masa wannan shi ne a hankalin, da ya ga wadda na fara rubutawa na yaga.

Ga abin da kika sani, amma kike yi kamar ba ki sani ba. Afo, tsohuwar da ke bene na samanmu a nan unguwar Dengfeng, wadda ta riƙe ki tun kina 'yar shekara huɗu lokacin da nake sammakon zuwa kasuwar Shisanhang neman kaya, bikin wata na bana shi ne na ƙarshe da za ta yi a gidan nan. Ɗanta ya gama shiri, ana gama biki zai ɗauke ta ta koma wurinsa a wani gari. Hannunta yana rawa, idonta ya yi hazo. A duk benen nan, kai har da jikokinta na jini, ke kaɗai kika zauna kika koyi yadda take riƙe wuƙa. Ta riga ta sayo lemon da za a yanka fitilar da shi. Yana nan a kan tagarta, kullum sai ta juya shi don kada gefe ɗaya ya kwanta.

Na so in ba ki nasiha a tasha, kuka ya hana ni. To ga ta yanzu. Ba ni da wata hikima sai kurakuraina, kuma mafi yawansu a kan teburin matar nan na tafka su.

Shekarar farko da ta gayyace mu, ban san komai ba sai cewa suna bikin kaka idan wata ya cika, ana taruwa a ci abinci a zagayen tebur. Na ce ba zan je hannu rabbana ba, ni 'yar Kano ce. Na shiga cikin kayan da zan tura gida, na zaɓi mafi kyawun furen robana, fari fat, mai cikakken kai, na ɗaure shi da farin ƙyalle. Na hau bene ina taƙama. Afo ta buɗe ƙofa, ta ga furen, murmushinta ya tsaya a inda yake. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce she-she, wato na gode, ta kai shi bayan ƙofar banɗaki ta ajiye. Na ci abincin nan ina tafasa, ina cewa a raina tsohuwar nan ba ta san darajar kaya ba. Sai da aka kwana biyu wani mai shago ya gaya min cewa irin wannan farin furen gawa ake kai wa. Na kai wa mace ta'aziyya ranar bikinta, kuma har na yi fushi ba ta yi guɗa ba.

Don haka in aka gayyace ki gida a Yiwu, ki yi tambaya kafin ki ɗauki kyauta. Tambaya ba ta rage wa mutum tsawo. Kuma kada ki ba mutum abin da ya fi miki sauƙin samu sannan ki kira shi karamci. Na ba ta furen ne don yana jibge a ɗakina. Ke ma kwalinki danna waya kawai kika yi.

Shekarar da ta biyo, ta ce in zo da wuri in taya ta. Ta miƙo min wannan ƙaton lemon nasu da suke kira yozi, mai girman kan jariri, ta miƙo min wuƙa, ta juya ta duba tukunya. Ni kuwa na yi masa abin da muke yi wa lemo a gida, na raba shi biyu, fat. Da ta waiwayo sai ta dafe ƙirji ta yi wata ƙara kamar na yanka akuyarta. Ke kina ƙasan tebur kina dariya, kika ce, “Mama, kin kashe fitila!” Ashe ba naman take so ba, ɓawon take so.

Ta ɗauko wani, ta zaunar da ni kamar ɗaliba. Siyama, na karanta littattafai da dama a rayuwata, na ga masu sassaƙa ƙwarya da masu ɗinkin hula, amma abin da na gani ran nan har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ta fara shafa lemon da tafin hannu, tana jin inda ɓawon ya yi kauri. Ta yanke masa 'yar hula a sama. Sannan ta ja wuƙa daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi, ba ta taɓa kai wa gindi ba, kuma bakin wuƙar bai taɓa naman ba ko sau ɗaya. Ban san yadda take sanin inda farin ɓawo ya ƙare ba, tunda ba gani take yi ba. Ta zura babban yatsa tana lallaɓawa, tana raba ɓawo da nama a hankali kamar mai cire wa jariri riga yana barci. Sai ga lemon ya fito ɗungurungum, ko ɗigon ruwa bai zubar ba, ɓawon kuma ya buɗe kamar furen bado. Ta huda masa ƙananan tagogi, ta ɗinke saman da jan zare, ta dasa guntun kyandir a ciki.

Da magariba ta yi ta kunna. Ɓawon nan da muke zubarwa a bola sai ya koma ruwan zinariya, haske yana ratsa shi ta ko'ina, har jijiyoyinsa ana gani. Zafin kyandir ya tayar da man da ke cikinsa, ƙamshi ya cika ɗakin, ya sauka ta matakala har mutanen ƙasa suna ɗaga kai. Na ce Subhanallahi a fili. Allah ya ɓoye fitila a jikin lemo, ya bar ta nan, sai wanda ya iya haƙuri zai same ta. Ni da na yi shekaru ina sayar da kwaikwayon halittarsa, ban taɓa tsayawa na kalli ta ainihin ba.

Abin da na koya shi ne, kafin ki sa wuƙa a abu, ki san wane ɓangarensa mai shi yake so. Aikinki tafinta ne, tsakanin ɗan kasuwar Kano da mai masana'anta za ki tsaya. Za ki ji maganar da kike ganin ɓawo ce, gaisuwa da zagaye-zagaye, ki so ki yar da ita ki kai ga farashi. Kada ki yar. Sau da yawa a can cinikin yake.

Kuskure na uku shi ne wanda har yanzu ba na son tunawa, kuma ke kina makarantar kwana lokacin, ban taɓa ba ki labarinsa ba. Kin tuna geron da na shuka a bokitan fenti a kan rufin bene? Daga cikin wanda nake saya a shagon 'yan Nijar don yin fura na ɗebi 'yan ƙwayoyi na watsa, ban sa rai ba. Garin nan mai ruwa kamar da bakin ƙwarya, ina gero ina shi? Amma ya fito. Afo ce take hawa tana duba shi in na tafi kasuwa, tana ɗaure shi da tsumma a jikin ƙarfe in iska ta taso. Da ya fitar da kai, na tsaya a tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya ina kallon zangarniya tana kaɗawa, dogayen benaye a bayanta, na yi kuka kamar na ga gonar kakana. Hajiya Mariyama ta hawo ta gan ni, ta ce, “Ke Bakanuwa, zangarniya uku kike wa kuka? A Maraɗi wannan ko tsuntsu ba zai tsaya masa ba.” Na ce, “To ki koma Maraɗin mana, wa ya riƙe ki?” Ta tsinki ƙwaya ɗaya ta tauna, ita ma idonta ya kawo ruwa.

Na ƙudura cewa bana kakar ƙasarmu ma za ta hau teburin. Na yanko zangarniyun nan uku mafi kyau. Ina so su tsaya a tsakiyar tebur kamar yadda suke tsaye a gona, kowa ya gan su. Na rasa abin da zai riƙe su, sai na cika kwano da ɗanyar shinkafa, na soke su a ciki, tsaye cak. Na ɗora a tsakiyar tebur tun kafin baƙi su zo, na ja da baya ina yaba kaina.

A shekarar ne mijin Afo ya rasu. Ta fito daga kicin da faranti a hannu, ta ga kwanon, sai ta tsaya. Ta ajiye farantin a hankali, ta zauna a kujerar mijin tana kallon abin da na yi. Ɗanta ne ya shigo, fuskarsa ta canza, ya ja ni gefe ya gaya min da Turanci cewa haka suke soka turaren tsinke uku a kwano idan suna gaban mamaci. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na miƙa hannu zan kwashe in gudu da shi, Afo ta riƙe min wuyan hannu. Ta zare zangarniyun ɗaya bayan ɗaya, ta kaɗe shinkafar da ta maƙale musu, ta shinshina su. Sannan ta kwantar da su a kan babban faranti, ta lanƙwasa su suka zagaye fitilar lemon, ta ɗaure bakinsu da jan zare. Ta nuna idonta, ta nuna nawa, ta nuna tsakanin tebur. Na gane. Abin da ke tsakiyar tebur ba ya tsawo, don kada ya tare wa mutum fuskar ɗan'uwansa. Shi ya sa ma teburin yake zagayayye.

Tun daga ran nan gero bai sake fashin teburinta ba, kullum a kwance. Ita da kanta take tambaya in damina ta ja baya, ta nuna sama da yatsa, wato yaya gonarmu.

Ki riƙe wannan, 'yata. Son a gan ki shi ne zai fi jefa ki a kuskure a ƙasar mutane. Ni so nake a ga geronmu ya fi komai tsawo, shi ya rufe min ido. Kuma in wani ya yi miki irin wautar da na yi, ki tuna yadda matar nan ta yi da ni. Tana cikin takaba irin tasu, na fama mata ciwo, amma ba ta jefar da kayana ba. Wuri ta gyara musu.

Kin san sauran abin da ke hawa farantin, amma bari in faɗa miki yadda ni nake ganinsa, don ke kin tashi da shi, ya zame miki kamar ruwan sha. Dafaffen gwaza, sak irin na kasuwar Kano. Gyaɗa da ɓawonta. Wannan baƙin ɗan ruwan mai ƙaho biyu, wanda in kika ɗaga shi sai ki rantse kan bijimin Fulani ne aka ƙanƙance. Ɗan itacen nan mai tsami da in aka yanka shi a kwance kowane yanki yake fitowa tauraro, ba wanda ya zana shi. Sai jan nan mai laushi da take jerawa a gefe. Ranar da na fara sa shi a baki na ce na san wannan ɗanɗanon, na rasa a ina. Na bi diddigi a wani littafin itatuwa, sai na ga ashe ɗan'uwan kanya ne, dangi ɗaya. Kanyar da muke jifa da dutse muna yara a bayan gari, ita ce ta yi ƙiba a nan ta sa jar riga. Na daɗe riƙe da littafin ina mamaki. Ubangijin da ya raba mu da mutanen nan da teku da harshe, ya bar mana alamu a cikin abinci don mu gane juna.

Kada kuma ki fake da addini, don na san wayonki, kina iya cewa bikin ba namu ba ne. Na riga ki zuwa nan. Na taɓa zubar da wainar bikin da Afo ta ba mu, wadda suke kira wainar wata, a shara, don tsoron man alade, kuma ta gani da ta sauko zubar da nata. Tsoron nawa daidai ne, zubarwar a inda za ta gani ita ce rashin hankali, da baki ya kamata in gaya mata. Da shekara ta zagayo, sai ta hau mota har shagon Musulmi mai koren allo ta sayo wadda za mu iya ci. Ta sayi sabon kasko ta ɗaura masa koren zare a hannu, ba abin da ke shiga cikinsa sai abincinki. In za ta kai nata farantin bakin taga ta yi abin da iyayenta suka koya mata, mu mukan sauko mu yi sallar magariba, kuma ba ta taɓa haɗa wancan farantin da namu ba. Mu ba ma rusuna wa wata. Muna kallonsa ne mu tuna wanda ya rataye shi. Ita ta san iyakarmu, ta tsare mana ita fiye da yadda wasu namu suke tsarewa. Ki tsare addininki da ƙarfi a inda kike, amma kada ki mayar da shi mayafin lalaci.

Jiya na hau na same ta ta sayo wani ƙaramin lemo tana gwadawa ita kaɗai. Wuƙar ta zame, ɓawon ya yage har gindi, ruwa ya jiƙa mata zani. Da ta gan ni sai ta tura shi ƙarƙashin jarida kamar yarinyar da aka kama da sata. Ta yi dariya, ta ɗaga hannayenta biyu ta nuna min yadda suke rawa, ta buge ɗaya da ɗaya kamar tana yi musu faɗa. Sannan ta nuna babban lemon da ke taga ta ce, “Siya.” Haka take kiranki tun ba ki iya ɗaura ɗankwali ba. Ta wasa 'yar wuƙar, ta naɗe ta a tsumma, ta ajiye a gefensa. Geron bana ma na yanko, yana rataye a kicin.

Ban hana ki ƙawaye ba. Ban hana ki ganin duniya ba, ni ce na fara tsallaka teku a gidanmu, mutane suna cewa na haukace. Tafkin nan yana nan baɗi, yana nan bayan baɗi. Hannun da ya koya miki riƙe cokali shi ne yake nema a ara masa yatsu na yini ɗaya.

Allah ya tsare ki a tafiyarki da zamanki. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa albarka a harsunan da kike ci da su, ya rufa miki asiri duniya da lahira. Ba zan yi miki baki ba, har abada, ko me kika yi. Bakina a kanki na alheri ne.

Amma ga iyakata. Ranar jajiberin biki, in aka kira la'asar ba ki shigo gidan nan ba, zan hau bene ni kaɗai. Kwalinki ba zai bi ni ba, kuma ba zan ambaci lawban ba. Zan ɗauki wuƙar in yi iya yina da wannan hannun nawa na raba lemo biyu, ta zauna tana kallo ina ɓata mata na ƙarshe. Kuma dole ta tambaye ni ina kike. Kin san Sinancina na kasuwa ne, ba ni da kalmomin ba da haƙuri, ba ni da na kare ki. Abin da na iya shi ne abin da masu shago suke faɗa min in kaya sun ƙare: meyo, babu. Zan dubi tsohuwar nan a ido in ce mata, “Siya meyo.”

Kada ki sa in faɗi wannan kalmar a kan 'yata. Ki nemi tikiti yau. Allah ya kawo min ke lafiya.

Mahaifiyarki